Beowulf a Bawku, Alhaji Umaru a Salaga

Ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Tana karatun koyarwa a wata kwaleji da ke yankin Bawku, kuma Ingilishi ne fanninta. Wani dare, lokacin da dokar hana fita ta tsare kowa a ɗaki, sai ta bugo mini waya ina Yendi, na fito daga ɗakin watsa shirye-shirye ke nan. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Yaya, don Allah gaya mini, me ya haɗa ni da wani Bature da ya kashe dodo shekara dubu da suka wuce? Yaran da zan koyar ko takardar neman aiki ba su iya rubutawa ba." An ba su darasin tarihin adabin Ingilishi ne, daga waƙar Beowulf zuwa Chaucer, ita kuwa ta ga ɓata lokaci ne kawai.

Ban iya ba ta amsa a daren ba. Ni ba malamin adabi ba ne, difloma na yi a aikin jarida, kuma abin da na sani shi ne magana a gaban makirfo. Amma tambayar ta tsaya mini a rai. Na sa ta turo mini takardun darasin, na nemi fassarar littattafan cikin Ingilishin zamani, na yi wata uku ina karantawa bayan aiki. Abin da na gano shi ne: ƙorafinta yana da tushe, amma maganin da take nema, wato a soke darasin, ba shi ne magani ba. Wannan darasi yana ɗauke da wani abu da mu Hausawan Gana muke matuƙar buƙata, sai dai ba a nuna mata shi ba.

Bari mu fara da abin da ake koya musu. Beowulf waƙa ce mai layi 3,182, ba a san wanda ya tsara ta ba. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, wanda marubuta biyu suka kwafa da hannu wajajen shekara ta 1000. Labarin ma ba a Ingila ya faru ba, a Denmak ne da kudancin Suwidin. Wani saurayi jarumi ya ƙetare teku ya je taimakon wani sarki da dodo ya addabi fadarsa, ya kashe dodon, ya kashe uwar dodon, ya koma gida ya yi sarauta shekara 50. Da tsufa ya zo, sai wani ƙaton maciji mai aman wuta ya taso wa ƙasarsa. Ya fita yaƙi, fadawansa suka gudu suka bar shi in ban da mutum ɗaya, ya kashe macijin, shi ma ya mutu. Waƙar ta ƙare ne da jana'iza, da fargabar mutanen da suka san cewa garkuwarsu ta faɗi kuma maƙwabta na nan tafe.

A takardun ƙanwata, duk wannan an mayar da shi jerin abin haddacewa: shekara kaza, sunan dodo kaza, siffofi biyar na jarumi. Ba a taɓa karanta musu ko layi goma da murya ba. To ai nan ne aka kashe darasin. Waƙar ba ta da amsa-amo a ƙarshen layi irin wanda muka saba da shi. Kowane layi an raba shi biyu da ɗan numfashi a tsakiya, sannan a ɗaure ɓangarorin biyu da maimaita baƙi ɗaya a farkon kalmomi. Abu ne da aka yi domin kunne. Ranar da na saurari wani yana rera ta da tsohon harshen, ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na gane abin da ake yi, domin na sha tsayawa a ƙofar fadar Ya Na a nan Yendi ina jin makaɗan Dagomba suna jero sunayen sarakuna da yaƙoƙinsu har dare ya raba. A cikin Beowulf ma akwai mawaƙin fada, akwai sarkin da ake auna darajarsa da yawan kyautarsa, akwai kirari, akwai gabar jini da take bin zuriya. Ɗalibar da ta tashi a arewacin Gana ta fi ɗan Landan na yau kusa da wannan duniya. Ba a dai gaya mata ba ne.

Haka Chaucer, wanda ya rasu a 1400. Littafinsa na Hikayoyin Kantabari labarin wani ayari ne na mutum kusan 30 da suka haɗu a masauki za su ziyarar kabarin wani waliyyinsu, sai mai masaukin ya zama madugu, ya ce kowa ya ba da labari don a rage hanya. A cikinsu akwai jarumi, da ɗan kasuwa, da mai niƙa, da matar da ta yi aure biyar kuma ba ta jin kunyar faɗi, da wani mai sayar da takardun gafara da ƙasusuwan ƙarya, wanda yake wa'azi a kan kwaɗayi alhali shi ne uban makwaɗaita. Wanda ya taɓa shiga motar Tamale zuwa Kumasi da dare ya san waɗannan mutane ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa 'yan Salaga, da kakanninmu suka yi wata da watanni a hanyar Gwanja da jakuna suna fataucin goro, ba ma buƙatar a yi mana bayanin zango da madugu da hirar dare.

Amma ba kamanceceniya ce babban abin da na tsinta ba. Babban abin shi ne tarihin yadda waɗannan rubuce-rubuce suka kai ga zama darasin kwaleji. Mu mun tarar da Ingilishi yana sarauta, sai muka ɗauka haka aka haife shi. Ba haka ba ne. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ne ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma harshen addini da ilimi. Ingilishi ya koma harshen manomi da mai kiwon alade. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da shi. Lokacin da Chaucer, wanda ma'aikacin kwastan ne a tashar jiragen ruwan Landan, ya zaɓi ya yi rubutu da Ingilishi, yana da zaɓin harsunan da suka fi shi daraja. Tun kafin wannan ma, marubutan farko da suka ari haruffan Latin sun tarar ba su wadatar da sautukan harshensu ba, sai suka ƙara wasu haruffa. Wannan ai shi ne ainihin abin da malamanmu suka yi da haruffan Larabci har aka sami ajami.

Sannan dubi yadda Beowulf ta tsira. Ɗaruruwan shekaru tana ajiye ba mai kula ta. A 1731 gobara ta kama gidan da ake ajiye da ita a Landan, gefen takardun ya ƙone, ya riƙa marmashewa. Wani masani ɗan ƙasar Aisilan mai suna Thorkelin ne ya sa aka kwafe ta, aka buga ta karon farko a 1815. Wasu kalmomin ba a san su yau ba sai ta hanyar kwafinsa. Daga nan aka yi ta aiki: wannan ya gyara rubutu, wancan ya yi ƙamus, wani ya yi sharhi, wani ya fassara. Ba daga sama waƙar ta faɗo cikin manhajar kwalejin Bawku ba. Mutane ne suka ɗauki abin kakanninsu da ya kusa zama toka, suka yi masa hidima tsara bayan tsara, har ya kai ƙarfin da zai ƙetare teku ya hana ƙanwata barci.

A nan ne kunya ta kama ni. A Salaga aka haife ni, a can na yi firamare da sakandare, amma ban taɓa jin an ambaci sunan Alhaji Umaru a cikin aji ba. A bakin tsofaffin zango na riƙa jin sunan, a matsayin babban malami mai albarka, ba a matsayin marubuci ba. An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a Kano a 1858, mahaifinsa Bakabe ne mai fataucin goro. Tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafi da Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Ya zauna a Salaga a daidai lokacin da yaƙin basasar 1892 a kan sarautar Kpembe ya tarwatsa garin da kasuwarsa. Daga baya ya koma Kete-Krachi, ya zama limami, ya koyar da ɗalibai masu yawa da suka bazu a zangunan ƙasar nan, ya rasu a can a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa: a kan yaƙin Salaga, a kan zuwan Nasara, a kan annobar mura ta 1918, a kan talauci da wadata. Ya fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Ya kuma rubuta wa wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, dogayen bayanai cikin ajami a kan ƙasar Hausa, sana'o'inta da tarihinta da zaman mutanenta.

A lura da shekarar rasuwarsa. A 1934 ɗin ne aka buga littattafan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, waɗanda yawancinmu muke fara lissafin zuben Hausa daga kansu. Ashe shekaru kusan 30 kafin nan, wani Bakano yana zaune a bakin kogin Bolta yana cika takardu da zuben Hausa. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Malam Alhasan ya rubuta tarihin Salaga da Hausa, wanda Withers-Gill ya fassara a 1924. Malam Abu ya rubuta labarin Samori da Babatu, wannan Babatun da kabarinsa ke nan Yendi. Littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa da Rattray ya fitar a 1913 ma, Malam Shaihu ne ya rubuta masa shi da ajami a ƙasar nan. Ƙasar da 'yan'uwanmu na Kano suke yi wa Hausarta dariya suna cewa Gananci, tana da kaso mai tsoka a farkon rubutun zuben Hausa.

To wa ya yi wa wannan gado hidimar da aka yi wa Beowulf? Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da ajami a shekarun 1960, zamanin Thomas Hodgkin da Ivor Wilks. Douglas Ferguson ya yi digirin digirgir a Amurka a 1973 a kan zuben Alhaji Umaru. Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Waso a ƙasar Folan ya shafe shekaru yana nazarinsa, ya fitar da waƙar talauci da wadata da ta zuwan Nasara a shekarun 1970, ya buga littafin Malam Abu a 1992, ya buga zuben Alhaji Umaru a 2000. Allah Ya saka musu. Amma a duba: wanda yake son karanta mawaƙin Salaga, ya fi sauƙin samunsa a ɗakin karatu na Turai fiye da a Salaga. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa ruwan tafkin Bolta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Su gobara ta taɓa nasu, mu ruwa ya taɓa namu. Bambancin yana ga abin da aka yi bayan nan.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya fi shafar masu sharhi irinmu. Shekaru da dama masana Ingila suna ɗaukar Beowulf tamkar rumbun tarihi: a tono sunan sarki, a tono wata al'ada, a yi watsi da dodanni a ce shirmen yara ne. Sai a 1936 Tolkien ya gabatar da wata lacca da ta juya akalar nazarin. Hujjarsa ita ce waƙa ce, a karanta ta a matsayin waƙa, kuma dodannin nan su ne zuciyarta, domin su ne suke nuna cewa jarumi komai ƙarfinsa akwai abin da zai ci shi.

Irin halin da Alhaji Umaru yake ciki ke nan a yau. Galibin waɗanda suke ambatonsa masana tarihi ne, kuma shaida suke nema a wurinsa: yaushe gari kaza ya faɗi, yaya malamai suka karɓi Turawa. Ɗauki waƙoƙinsa na zuwan Nasara, biyu da Larabci a wajajen 1899 da 1900, ɗaya da Hausa a wajajen 1903. A cikinsu yana jero garuruwa da sarakunan da Turawa suka ci, gari bayan gari, sarki bayan sarki. Mai neman tarihi yana ganin jadawali. Mai karatun gaggawa yana ganin maimaici mai gundura. Ni kuwa da nake karanta sanarwar rasuwa a rediyo kusan kullum, na san abin da jerin sunaye yake yi wa mai sauraro. Suna na farko labari ne. Na biyar nauyi ne. Idan ka kai na ashirin, ba ka jin sunaye kuma, sai ka ji kamar ƙasa ce take zaftarewa a ƙarƙashinka. Tsawon jerin shi ne ma'anar. Mutumin da ya ga Salaga ta watse a idonsa, ya ji Jamusawa sun karya rundunar Dagomba a Adibo a 1896, ya ji faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, ba jadawali yake rubutawa ba, makoki yake yi, kuma ya san yadda ake gina makoki a kunnen jama'a.

Haka waƙar talauci da wadata. Tana ajiye mutum biyu gefe da gefe, tana nuna yadda jama'a take wulaƙanta maras shi ko da gaskiya ce a bakinsa, take kuma girmama mai shi ko da me ya zo. An fi karanta ta a matsayin bayanin zaman jama'a na wancan zamani. Amma ƙarfinta yana ga wanda take tuhuma. Ba talaka take yi wa dariya ba, ba kuma mai kuɗi kaɗai take suka ba. Mu 'yan kallo take kamawa, mu da muke sauya fuska gwargwadon rigar mai shigowa. Ɗalibin da ya karanta yadda Chaucer yake yabon mutum da baki alhali yana tsiraita shi, ya sami mabuɗin da zai buɗe wannan waƙa da shi. Wannan shi ne amfanin darasin da ƙanwata take so a soke.

Kada a ce na rufe ido ga ɗaya ɓangaren. A 1968, Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a jami'ar Nairobi sun nemi a rushe sashen Ingilishi a kafa na adabin Afirka a madadinsa. Tambayarsu tana nan da ranta: don me adabin wani tsibiri zai zama tsakiyar karatun ɗan Afirka? Na yarda da su a kan batun tsakiya. Inda na rabu da masu tsananta wannan ra'ayi shi ne, korar Beowulf ba za ta shigo da Alhaji Umaru aji ba. Ko an soke darasin gobe, babu bugun waƙoƙinsa cikin boko mai bayanin kalmomi da malami zai ɗauka ya shiga aji da shi. Hausarsa cike take da kalmomin Larabci da tsofaffin kalmomin fatake, tana buƙatar sharhi kamar yadda Ingilishin Chaucer yake buƙata. Ga kuma matsayin harshen kansa: gidan rediyon ƙasa yana watsa labarai da Hausa shekara da shekaru, ana ciniki da ita daga Nima har kasuwar Bawku, amma ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantu, domin ana ganinta baƙuwa ce.

Kuma kada mu mayar da namu abin bauta. Salaga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, kasuwar bayi ce, rijiyoyin da aka yi musu wanka suna nan har yau. Babatun da Malam Abu ya ba da labarinsa, a wurin mutanen Sandema maharin da kakanninsu suka fatattaka ne, kuma duk shekara suna bikin Feok don tunawa da hakan. Idan aka kawo waɗannan rubuce-rubuce aji a arewacin Gana, jikan mai saye da jikan wanda aka sayar za su zauna a benci ɗaya su karanta. Wannan ba dalilin ɓoye su ba ne, shi ne ma babban dalilin karanta su da idon sharhi. A Beowulf ma, wanda ya tayar da macijin nan wani bawa ne da ya gudo daga ubangidansa, kuma waƙar ba ta ko damu ta faɗi sunansa ba. Ɗalibin kirki yana tambayar me ya sa.

Da ƙanwata ta zo hutu, na zaunar da ita na gaya mata duk wannan. Na ce ta yi karatun nan da kyau, ba don cin jarrabawa kaɗai ba, ta lura da yadda ake kwatanta kwafi da kwafi, yadda ake bayanin tsohuwar kalma, yadda ake sauraron layi. Sai ta ce, "To Yaya, kai da kake wannan dogon bayani, ka iya karanta ajamin?" Na yi shiru. Na yi makarantar allo, ina karanta Alƙur'ani, amma idan aka miƙo mini tsohuwar takardar ajami sai in riƙa tuntuɓe kamar ɗan aji ɗaya. Duk abin da na sani na Alhaji Umaru, ta hannun Bature na same shi.

Yanzu duk ranar da na je gida Salaga, nakan je wurin wani tsoho a unguwarmu da yake da tarin takardu a cikin gafaka. Ya haura shekara 80, idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa duk suna Kumasi da Akara. Yana karantawa ina ɗauka da na'urar aikina, ina tsayar da shi ina tambayar ma'anar kalma. Wani lokaci ya sani, wani lokaci ya ce malaminsa ne ya sani. Ƙanwata ta ce idan ta gama zangon karatun nan za ta riƙa bi na, ita za ta riƙa rubutawa da boko. Na ce mata ta hanzarta, domin damina tana tafe kuma rufin ɗakin tsohon yana yoyo.